Wai an cire labarin ƙasa daga firamare ne?

Wata baiwar Allah ce ta turo min tambaya, ta ce ƴarta tana aji huɗu a firamare a nan Kano, ta duba jadawalin darussansu kaf ba ta ga labarin ƙasa ba, alhali ita ta san mahaifinta ya sha ba su labarin cewa a zamaninsu ana koyar da shi tun daga elemantare. Ta ce yarinyar tana iya rero jihohi 36 da manyan biranensu ba gargada, amma da aka tambaye ta ta wane ɓangare Katsina take daga gidansu sai ta yi zuru. Shin cire darasin aka yi, kuma me ya kamata ta yi?

To Hajiya, sannu da ƙoƙari, ba kowace uwa ce ke buɗe jakar ɗanta ta duba me ake koya masa ba. Amsar a taƙaice ita ce ba a cire shi ba, amma kuma ba za ki gan shi da sunansa ba, an wawwatsa shi ne cikin wasu darussa, kuma gaskiya wajen wawwatsawar nan abu mai yawa ya zube a hanya. Na koyar a firamare, yanzu kuma aikina horar da malaman da za su shiga ajin ne, don haka abin da kika gani ba baƙo ba ne a wurina, kusan kullum da shi muke kwana muke tashi.

Abin da baban naki ya faɗa gaskiya ne. A makarantun da, labarin ƙasa darasi ne mai zaman kansa, tarihi ma haka. Canjin ya faro ne tun shekarun 1960, lokacin da aka fara gwada wani sabon darasi da ya haɗa labarin ƙasa da tarihi da sanin haƙƙin ɗan ƙasa wuri guda, shi ne wannan darasin zamantakewa da yara ke ce wa soshiyal. A makarantar sakandaren Aiyetoro ta ƙasar Yarabawa aka fara gwajin sosai, sai aka yi wani taro a Mombasa ta Kenya a 1968 inda ƙasashen Afirka da dama suka amince da shi, a 1969 kuma aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, daga nan aka samu manufar ilimi ta ƙasa a 1977. Tun daga lokacin soshiyal ya zauna a firamare da ƙaramar sakandare, labarin ƙasa da sunansa kuma sai yaro ya je babbar sakandare, can ma zaɓi ne, wanda bai ɗauka ba shi ke nan ya wuce har abada. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar, ta fitar da ta shekara tara ta ilimin bai-ɗaya a 2007, aka sake yi mata kwaskwarima aka fara aiki da ita a 2014 inda aka cusa soshiyal ƙarƙashin inuwa ɗaya da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa da na tsaro. Tarihi ya yi sa'a, mutane sun yi ta kuka har aka dawo da shi da sunansa. Labarin ƙasa bai samu masu yi masa wannan kukan ba. Maƙwabtanmu na Nijar da yake tsarin Faransa suka gada, su har yanzu tarihi da labarin ƙasa suna nan da sunansu a firamare.

To ina yake ɓoye a manhajar tamu? Kaso mafi girma yana cikin soshiyal, wato muhalli, unguwa da gari, ƙaramar hukuma, jiha, ƙabilu da inda suke zaune, albarkatun ƙasa, sufuri. Wani kason yana cikin kimiyya, nan ne ake yin yanayi, ruwa, iska, ire-iren ƙasa kamar yashi da laka da jigawa, duwatsu, sannan a manyan ajujuwa a zo kan juyawar duniya da rana da wata. Lissafi ma yana riƙe da nasa, kusurwoyi huɗu da awon nisa da zane bisa ma'auni. Darasin noma shi ma haka. Kin ga ke nan a takarda abin yana nan, matsalar ita ce malamin kimiyya zai koyar da ruwan sama ranar Litinin, malamar soshiyal ta koyar da amfanin gona ranar Laraba, babu wanda zai ce wa yaro ai wannan ne ya haifi wancan, yawan ruwan sama ne ya sa ake noma doya a Binuwai ake noma gero a Daura. Alhali wannan haɗin shi ne labarin ƙasar gaba ɗaya, in aka cire shi sauran sunaye ne kawai.

Kuma asalin tsarin mai kyau ne, ban yarda da masu cewa manhajar ce gaba ɗaya ba ta da amfani ba. Ƙa'idar da aka gina ta a kai ita ce a fara da abin da yaro ya sani a tafi da shi zuwa wanda bai sani ba, daga ɗakinsu zuwa gidansu, zuwa layinsu, makarantarsu, garinsu, a hankali har a kai Najeriya da Afirka da duniya. Yaro ɗan shekara shida ba ya gane taswirar Najeriya, a wurinsa zane ne kawai mai launi, sai ya fara gane cewa ana iya kallon abu daga sama a zana shi ƙarami. Shi ya sa darasin taswira na farko da muke koya wa ɗalibanmu malamai ba ya buƙatar komai sai kofi da littafi. Ka ɗora kofi a ƙasa ka ce yara su tsaya a kansa su leƙa, me kuka gani? Da'ira. To ku zana. Sai littafi, sai benci, sai ajin gaba ɗaya, ina ƙofa ina taga ina allo ina teburin malam, kowa ya sa alama a inda yake zaune. Ranar da yarinya ta ɗora yatsa a takarda ta ce "ga ni nan", ranar ta fara karanta taswira, kuma wallahi in kika ga fuskarsu a lokacin sai kin ji daɗi.

Amma me ke faruwa a yawancin ajujuwa? Malam zai shigo ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a rera jihohi da manyan birane da waƙa, ranar jarrabawa a ce cike gurbi. Ba na ɗora wa malamai laifin duka, don na san halin da suke ciki. Aji ne mai yara fiye da ɗari wani lokacin, wasu a ƙasa suke zaune, babu taswirar bango balle ƙwallon duniya, in ma akwai tana kulle a ofishin hedimasta don kar ta yage. Malamin kansa mai yiwuwa Hausa ko addini ya karanta a NCE aka ce ya riƙe soshiyal saboda babu wani, shi ma rabonsa da taswira tun yana ƙaramar sakandare. Sannan ga jarrabawa, ita abin da take tambaya shi ne babban birnin jihar kaza, ba ta tambayar me ya sa garin yake a inda yake, to malam kuwa abin da za a tambaya shi zai koyar. Ga kuma matsalar harshe, yaron da bai gama jin Turanci ba an ba shi ma'anar muhalli da Turanci ya haddace, yana faɗa daidai amma bai san cewa kwatar ƙofar gidansu ake nufi ba.

Makarantun kuɗi kuma tasu matsalar daban ce. Na shiga wata na tarar ana koya wa ƴan aji biyu yanayi huɗu na Turai daga littafin da aka shigo da shi daga waje, har da hoton dusar ƙanƙara, yaran suna ta maimaitawa, a waje kuwa hazo ne ya rufe gari leɓunansu duk sun tsage. Babu laifi yaro ya san yadda Ingila take, amma a bari sai ya san nasa tukuna. Littattafanmu na gida su kuma sukan ce yanayi biyu ne a Najeriya, damina da rani, shi ke nan. Alhali kakar yarinyar nan taki ta fi littafin bayani, ta san bazara lokacin da zafi ke tsananta ana jiran ruwa, ta san damina da marka a cikinta, ta san kaka, ta san hunturu. Wannan rabon ya fi dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba, kuma duk yana da bayani a kimiyyance. Iska biyu ce ke ture juna a kanmu, mai ɗauke da danshi daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da busasshiya daga Sahara ta arewa maso gabas. In ta kudu ta yi ƙarfi ta hauro sai mu samu ruwa, shi ya sa Legas ke fara samu kafin Kaduna, Kaduna kafin Kano, kuma in za ta koma mu take fara bari. Saboda haka ne Fatakwal ke samun ruwa sama da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta cika wuce 700 ba. Ƙurar hunturun nan ma da kike sharewa kullum, yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Ɗan aji biyar zai gane wannan tsaf in aka faɗa masa da harshen da yake ji.

Yanzu abin da za ki iya yi a gida, kuma ba sai kin sayi komai ba.

Ki fara da gabas, don duk ɗan da ke sallah ya riga ya san ta, wannan wata garaɓasa ce da yaranmu suke da ita. Ki tsayar da ita a tsakar gida ta fuskanci inda rana ke fitowa, bayanta yamma, hagunta arewa, damanta kudu. Sai ki riƙa jefa mata tambaya a cikin hira, makarantarku ta ina take, gidan kawu fa, kasuwa fa. In ta ƙware sai ki faɗaɗa, Zariya da Kaduna da Abuja kudu, Katsina arewa maso yamma, in aka wuce ta Jibiya a shiga Maraɗi, Daura arewa a kan hanyar Damagaram, Maiduguri gabas. Nan gaba kaɗan sai ki nuna mata cewa alƙiblarmu ba gabas ce cak ba, ta ɗan karkata arewa, saboda Makka tana arewa maso gabas da mu, shi ya sa sahun masallaci wani lokacin ba ya tafiya daidai da titi.

Azumi ma makaranta ce guda. Me ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa kafin na Kano, na Kano kafin na Sakkwato? Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai wajen rabin awa, alhali agogonsu ɗaya. Me ya sa in alhaji ya bugo waya daga Saudiyya yake cewa su sun yi isha'i mu ko magariba ba mu yi ba? Awa biyu suke gabanmu. Ki ɗauki lemo ki sa masa ɗigo biyu da biro, ki kashe wuta ki haska tocila ki juya shi a hankali daga yamma zuwa gabas, za ta ga ɗigon gabas ya riga shiga duhu. Abin da littafin aji shida ke fama ya bayyana a shafi uku ke nan.

Akwai wani gwaji da nake matuƙar so, na kafa sanda. A kafa sanda a tsaye a inda rana ke samu, a riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta da safe, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar. Yarinya za ta ga inuwar tana gajarcewa har ta kai ƙarshen gajartarta sannan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren, wanda da shi ne malamanmu suke gane zawali tun kafin agogo. In aka ci gaba da dubawa wata da watanni za a ga wani abin mamaki, a Kano inuwar tsakar rana yawancin shekara arewa take faɗuwa, amma daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta sai ta koma kudu, kuma a kwanakin da take sauyawar nan kusan ɓacewa take yi a gindin sandar don rana tana bisa kai sosai. Wannan ba ya taɓa faruwa a Landan, don haka littafin da aka rubuta domin yaran can ba zai faɗa ba. Mu da muke tsakanin layin da ya raba duniya biyu da layin da rana ke tsayawa a arewa mu ne muke ganinsa.

Sai kicin. Duk abin da ke cikin tukunyarki daga wani wuri ya zo, ki riƙa tambayarta daga ina. Manja daga kudu inda kwakwar manja ke samun ruwa, dankalin Turawa daga Jos saboda tudu ne akwai sanyi, albasa daga Aliero ta jihar Kebbi, tumatirin rani daga Kadawa da Kura inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa ta magudanai, bandar kifi daga Baga a bakin tafkin Chadi, goro daga ƙasar Yarabawa, da can kuma fatake har Gwanja suke zuwa nemansa a ƙasar Gana ta yau. Ki samu taswirar Najeriya ko ta bayan littafin rubutu ce, duk abin da aka ambata a nemo garinsa a sa ɗigo. Jihohin nan da ta haddace sai su fara zama wurare masu mutane da abinci, ba baitin waƙa ba. Haddar ba asara ba ce fa, kar ki hana ta, amfani za ta yi mata, gindin zama ne kawai ba ta samu ba.

Wanda ya fi burge ni, kuma ban cika ganin an koyar da shi ba, shi ne tambayar ina ruwan sama yake tafiya. In an yi ruwa ki fita da ita ƙofar gida ta ga ta ina yake gangarawa, wannan ya nuna mata tudu da gangare ba tare da an ba ta ma'ana ba, ya kuma nuna mata me ya sa layin da aka toshe kwata da leda yake cika. Sai ki ce mata to daga kwata sai ina? Yawanci yara za su ce teku, don littafi ya ce koguna teku suke zuwa. Amma ruwan Kano ba ya zuwa teku. Kogin Kano da Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Ruwan da ya sauka a Zariya kuwa, ga ta nan kusa, shi Kubanni zai bi ya shiga Galma, ya shiga kogin Kaduna, ya faɗa kogin Kwara, ya wuce Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, har tekun Atilantika. Wato a wani wuri a kan hanyar Kano zuwa Zariya akwai tudun da ya raba ruwan biyu, mota tana wucewa ba wanda ya lura. Daga nan hira sai ta buɗe da kanta, an gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, manoman rani sun amfana ƙwarai, amma ruwan da ke isa ga masunta da makiyayan Nguru da Gashuwa ya canza. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ba sai ta riƙe lambobin ba, abin da ake so ta gane shi ne abin da mutanen saman kogi suka yi da ruwa yana shafar na ƙasansa.

In kina da hali ki saya mata littafin taswira na firamare, wanda aka yi domin Najeriya, da ƙaramar ƙwallon duniya. Ƙwallon tana da muhimmanci saboda taswirar duniya ta bango da aka saba gani tana kumbura ƙasashen da ke can arewa, sai ki ga Girinlan ta yi kusan girman Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Wayarki ma kayan aiki ce, ki buɗe Google Maps ki juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam ki nemo rufin gidanku, ki bar ta ta bi layi da yatsa har makarantarsu, sannan ki riƙa janyewa a hankali, ga Dala ga Gwauron Dutse, ga ragowar badala, ga gari duka, ga kore yana raguwa in an yi arewa yana ƙaruwa in an yi kudu. Amma don Allah a fara da takarda da fensir, ta zana hanyar da kanta tukuna ko da a karkace ne, sannan a gwada da ta waya.

Game da makarantar kuma, shawarata kar ki je da faɗa. Ki samu malamar soshiyal ki gaishe ta, ki roƙi ta nuna miki abin da aka tsara musu na wannan zangon, sai ki riƙa bin sa a gida da irin misalan nan, in suna kan sufuri ku yi maganar tasha da inda kowace mota ke zuwa, in suna kan ƙabilu ku nemo garuruwansu a taswira. In ana taron iyaye da malamai ki kawo maganar a sa taswirar Najeriya da ta jiha a bangon kowane aji, in kuɗin bugawa ya yi yawa mai fenti ma zai iya zana ta a jikin bangon makaranta yadda ba mai yagawa, na ga inda iyaye suka haɗa kuɗi aka yi hakan kuma yara da kansu suke taruwa a wurin lokacin tara. Ki kuma nemi a riƙa fita da su ko zagayen makaranta ne sau ɗaya a zango, su ga inda ruwa ke kwanciya da inda zaizaya ta ci, su dawo aji su zana. In yarinyar ta nuna tana son abin, ki sa ido lokacin da za ta shiga babbar sakandare ki tabbatar makarantar tana da malamin labarin ƙasa, don ba kowacce ke da shi ba, kuma masu karanta safiyo da tsara birane da hasashen yanayi a jami'a duk yana yi musu amfani. Allah Ya raya mana ita, Ya yi mata albarka.